Jan Maganin Tari

"Babu shi, Baba," in ji mai kemis. "An daina kawowa."

Tsohon ya dafa tebur. Wannan ne shagon ƙarshe a titin. A gida jikarsa tana tari, matarsa kuma ta ce kada ya dawo sai da jan maganin da ta raini 'ya'yanta da shi.

"Me ya sa?"

"Wani farfesa ne ya tattara duk binciken da likitocin duniya suka yi a kansa, ya auna, ya ce ruwan sukari ne. Asibitoci suka watsar, mu ma muka bi."

Tsohon ya rage murya. "Duba ƙasan tebur, ɗana. Ko kwalba ɗaya."

"Haba Baba, ka fi farfesan sani ne?"

Lambar yabon da aka ba tsohon kan wannan binciken tana rataye a falonsa. Matarsa ke goge ta kullum, ba ta taɓa tambayar dalilinta ba.

"Duniya ta ji maganarsa," ya ce, yana kallon hanyar gida. "Amma yau a waje zai kwana."