Ɗan Kunnen Inna a Farantin Sola

Habsatu ta tare Sufiyanu, manemin aurenta, a zauren gidansu da ke Gure.

"Malam, ina ɗan kunnen zinariyar marigayiya Inna da na ba ka ajiya?"

Ya sunkuyar da kai, ya zaro ɗan baƙin gilashi daga aljihu.

"Na narkar da shi a jami'a. Garinsa na barbaɗa kan farantin sola, yana cafke ƙarfin rana kafin ya salwanta. Habsatu, wutar fa ta ƙaru!"

"Ka tambaye ni?"

Ya kasa kallonta.

Ta ce, "Wallahi da ka tambaya, da har ɗayan na ba ka. Gaya wa magabatanka kada su kawo goro ranar Juma'a."