Man Shafawar Hure

Na ajiye kwalbar man a gaban Malama Kaltume ta asibitin Tsanyawa.

"Malama, a karanta mini abin da ke ciki, ban yi nisa a boko ba. Sati biyu muna shafa wa 'yata Hure, fatar sai ƙara saluɓewa take."

Ta bi rubutun da yatsa. "Wannan man kaɗanya ne, yana sa laushi. Wannan gilisarin, shi ke hana bushewa. Babu sinadarin bilicin. Mai kyau ka saya, Malam Ɗahiru."

Na ce alhamdu lillahi.

Ta karɓi yarinyar daga hannun matata Bilki. Ta shafa gashinta da ya yi ja, ta danna ƙafarta. Gurbin yatsan bai ciko ba.

"Me take ci?"

"Kunu zalla," in ji Bilki, "tun da rumbu ya ƙare."

"To ba ciwon fata ba ne, tamowa ce. Ku riƙa ba ta ƙwai, ko ɗaya ne kullum. Ba ku da kaza?"

Bilki ta dube ni. Ni kuma na dubi kwalbar.

"Da muna da guda, Malama. Ita na sayar na sayo wannan."