Bawul na Sha Bakwai

Kwana tara ke nan sabon injin yana zubar da lemo a ƙasa.

Daga ƙasar waje aka kawo shi, aka girke a wata masana'antar lemon kwalba da ke bayan layin dogo a Agege, cikin Legas. Bawul sittin gare shi, wato bakunan da ke zuba lemo a kwalba, jere a jikin wani babban faifai mai juyawa. Tsohon injin sai ya zura bututu cikin kwalba ya cika ta zuwa wuya, mutum ashirin suna kewaye da shi suna lura. Wannan kuwa da kansa yake auna lemon, kwamfuta ta buɗe bawul ta rufe. Mutum huɗu sun ishe shi.

Sauran sha shidan sun san makomarsu. Shi ya sa duk lokacin da kumfa ta taso ta malale, injin ya tsaya, sai su sunkuyar da kai don kada a ga murmushinsu.

Manaja ya ce ranar Juma'a ce iyaka. In injin bai daidaita ba a mayar wa masu shi, tsohon ya ci gaba da aiki. Wadda aka turo ta haɗa shi kuma, Injiniya Nazifa, kamfaninta ya riga ya gaya mata cewa in aka dawo da injin, ita ma ta nemi wani wurin. Matashiya ce daga Zariya, kuma wannan ne babban aikinta na farko.

Malam Ladan ya fi kowa daɗewa a masana'antar. Shekara talatin da ɗaya yana gyaran bawul, kuma da kunne yake gano cuta. Sunansa ne a saman takardar waɗanda za a sallama. Kullum da safe Nazifa takan rusuna ta gaishe shi, ya ce "lafiya" idonsa a kan spana. In an ɗauko zancenta a wurin cin abinci, sai ya wanke hannu ya tashi.

"Baba ya fi mu duka jin haushi," in ji Sadisu, abokin aikinsa, haifaffen Legas wanda Yarabanci ya fi Hausa zama a bakinsa. "Ku bar shi kawai."

Abin da ba wanda ya sani shi ne, tun kwana na biyu Malam Ladan ya ji matsalar. Duk zagayen da faifan ya yi, akwai wani siririn huci da ke wucewa ta gabansa. Roba ce ta lanƙwashe a bawul ɗaya, iskar gas tana sulalewa. Kwamfuta tana ta faɗin ƙarfin iska ya ragu, amma ba ta faɗi ta ina ba. Ya ji, ya yi shiru. Mutanen nan sha biyar da su yake cin abinci kwano ɗaya, ya je sunan 'ya'yansu, ya kai iyayen wasunsu makwanci.

Ranar Juma'a da hantsi aka kunna injin gwajin ƙarshe. Minti huɗu, kumfa ta taso. Aka sake, ta sake tasowa. Manaja ya dubi agogo. Nazifa na tsaye gaban allon kwamfuta, yatsunta suna ta danna abin da ta riga ta danna sau ɗari.

Malam Ladan ya daɗe yana kallon yatsun nan. Sannan ya ajiye spana ya taka zuwa wurin manaja.

"Oga, a ce wa waccan ta kwance bawul na sha bakwai. Robar ce."

Cikin minti goma sha biyar aka canza ta. Kwalabe suka shiga zuba a jere, kowace a cike daidai da 'yar'uwarta, ba ɗigo ko ɗaya a ƙasa. Manaja ya tafa. Shi kaɗai ya tafa.

Da aka idar da sallar Juma'a, ba wanda ya miƙa wa Malam Ladan hannu cikin mutanensa.

Ranar Litinin aka raba takardun sallama. Malam Ladan na tsaye a bakin ƙofa da tasa a aljihu, sai ga Nazifa da jakarta, mota na jiran ta. An ce sau biyu ta shiga ofishin manaja a kan takardun nan, ta fito ido jajur. Ta rusuna har ƙasa.

"Zan tafi."

"Allah ya kiyaye hanya," ya ce, yana kallon layin dogo.

Sai da motar ta ɓace cikin motocin haya na danfo da kekuna masu ƙafa uku sannan ya juyo, hawaye na bin gemunsa. Sadisu ya sha gabansa.

"Baba, ka cuce mu, ka cuci kanka. Me za mu gaya wa iyali? Kuma saboda wa? Yarinyar da ko sunanta ba ka taɓa kira ba!"

Tsohon ya share fuska da hularsa.

"Ku yafe mini, Sadisu. A garinmu mutum ba ya kiran sunan 'yarsa ta fari."