Rijiya Lamba Huɗu

Shekara bakwai Hashimu ya yi a Fatakwal, ya dawo ya tarar an sauya masa gari. Gonar gyaɗarsu ta zama ramin haƙar ma'adinai. Gindin tsamiyar bakin hanya ya zama tashar tifa. Har rijiyar tsakar gidansu ta samu muƙami: kamfani ya shafa mata jan fenti, ya raɗa mata suna Lamba Huɗu.

Ruwanta kuwa ya koma kalar shayi, ga ƙarnin tsatsa. Awakin mahaifiyarsa, Inna Zulaihatu, uku suka mutu a damina ɗaya. Duk da haka da shi ake girki, shi ake sha. Ɗan ruwa mai kyan da take sayowa daga Ɗanbatta randarsa daban, ba a buɗe ta sai an yi sallama.

Sharaɗin da aka gindaya wa kamfani a fili yake: duk wata a ɗebi ruwan rijiyar a kai Kano gwaji, ranar da aka ga ya gurɓace su haƙa wa unguwa burtsatse. Wata talatin da shida ana kaiwa. Sau talatin da shida takarda na dawowa da hatimi: ruwa garau.

To, Hashimu ai ba zaman banza ya yi a birni ba. Cin hanci ne, in ji shi a majalisar ƙofar masallaci. An saye ɗakin gwaji, an saye mai unguwa, an saye Malam Abdussalam mai zuwa ɗibar ruwan, da wannan kunyar tasa ta munafunci, wai ko zauren mutane ba ya wucewa. Kwana biyar ya yi yana rubuta ƙorafi, shafi goma sha ɗaya, har da Turancin da shi kansa sai ya maimaita.

Ran Talata yana ɗaure jaka zai kama motar Kano, aka yi sallama. Malam Abdussalam ne. Ya miƙo kwalbarsa daga zaure, kai a sunkuye.

Inna ta karɓa, ta wuce rijiya ko kallonta ba ta yi ba, ta buɗe randa.

"Inna, me kike yi haka?"

"Kai ma dai, Hashimu. Ɗan mutane ya taho tun daga Kano cikin ranar nan, in ba shi wancan ruwan ya sha? Shekara uku ke nan, ban taɓa yi masa wannan wulaƙancin ba."