Faifan Noreen

Corinne ta iske Russ a bayan dandali a garin Duluth, yana ɗaura wa jitarsa sabuwar tsirkiya. Ita ke rera wa ƙungiyarsu waƙa tun ranar da Noreen, tsohuwar matarsa, ta bar su.

"Na ji hirarka a rediyo," in ji ta. "An tambaye ka wanne ya fi a faya-fayanmu, ka ce na biyu."

"Zancen kiɗa nake yi."

"Zancen Noreen kake yi, ai ita ta rera shi. Ka ce tun daga shi babu muryar da ta sake taɓa ka. To, ni fa? Shekara goma ihu nake yi maka?"

Ya ajiye jitar, ya zaro ɗan akwatin zobe daga aljihu, ya buɗe shi. "Yau na yi niyyar neman aurenki, a gaban jama'a."

Ta kalli zoben cikin takaici.

"Amsa mini tukuna. Wanne ya fi?"

Ya kalli ƙasa. "Na biyu," ya ce a hankali.

"Mayar da abinka aljihu. Zan hau in yi waƙa saboda mutane sun taru. Gobe ka nemi wata."