Wata Uku Kombo Na Shiri

"Ke dai ba ki san teku ba," in ji Kombo, yana sauke ɗan jirginsa daga amalanken da ya jawo da motar matarsa, har kan yashin da ruwa ya janye ya bari. Wata uku yana tsara ƙetarawa daga Tanga zuwa tsibirin Pemba: iska, mai, ruwan sha, har dabino.

Matar tasa, Mwantumu, ta ɗaga masa hannu kawai.

Ya yi nisa, yana ta yabon kansa, sai ga wayarta.

"Baban Sauda, a lissafin naka, ruwan da ya janye ba ya dawowa ne?"

Ya shafa aljihu. Ga makullin motar a ciki!

"Kwantar da hankalinka," ta ce. "Rage gudu dai, ga motata nan ta biyo ka a kan ruwa."