Jan Tauraron da Baba Ya Mayar

Ina aji huɗu Baba ya ɗauko ni daga makaranta a Hyattsville, maimakon gida sai muka hau jirgin ƙasa zuwa Washington. Yana ta juya wani ɗan baji mai jan tauraro a hannunsa.

"Baba, na wane ne?"

"Na wani ne. Yau zan mayar masa."

A hanya ya ba ni labari. Lokacin da yake karatun likita a Bulgeriya, sakataren jam'iyyar kwaminis na jami'arsu ya ba shi bajin, ya ce ya riƙa kai masa rahoton 'yan uwansa ɗalibai. Baba ya ƙi, aka kore shi dab da jarrabawar ƙarshe. Har Baba ya rasu bai zama likita ba. Jam'iyyar ta sauya suna, sakataren ya zama ɗan majalisa, ga shi ya zo Amurka yana lacca kan dimokuraɗiyya.

Bayan laccar aka yi layin gaisawa. Da aka zo kanmu, Baba ya kama kwalar kwat ɗin mutumin, ya maƙala masa tauraron a gaban masu ɗaukar hoto, ya yi masa magana da yaren Bulgeriya. Fuskar mutumin ta yi jawur. Garin kokawar cirewa allurar bajin ta soke shi a yatsa.

A waje na tambayi Baba me ya ce masa.

"Cewa na yi, kwamared, ka manta kayanka."

An sha ce min yafiya ta fi. Ni dai duk sanda na tuna jinin nan a yatsansa, daɗi nake ji.